Yadda ake kare jijiya daga kumburin katetar ƙarin ruwa, da yadda ake gane shi tun da wuri

Babu aikin da ake yawan yi a ɗakin kwanciya kamar sa kateta, wato siririyar robar da ake zurawa a jijiyar hannu don ƙarin ruwa da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin da ta fitar da ƙa'idojinta kan wannan aiki a 2024, ta ce har kashi 70 cikin 100 na waɗanda ake kwantarwa asibiti sukan buƙace ta. A jihar Damagaram kowa ya san yadda abin yake daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika ɗakunan yara tun daga Zinder har Magaria da Matamaye: da wuya a ga yaro kwance ba filasta a hannu ko a ƙafa. Yawan yin aikin ne ya sa ake raina shi.

Kumburin jijiya, wanda a dosiye ake rubutawa filebit, shi ne bangon cikin jijiyar jini ya ji rauni ya kumbura. Wurin ya yi zafi, ya yi ciwo, ya taurare. Yawanci yana warkewa cikin ƴan kwanaki idan an cire katetar da wuri. Amma yana sa magani ya wuce lokacinsa, yana cinye jijiyoyin da za a buƙata gobe, wani lokaci kuma ta nan ƙwayar cuta ke shiga jini, musamman sitafilokok, wadda kan yi kisa.

Abin da ke kawo shi

Hanya uku ce, sanin wace ce kuma shi ke nuna abin da za a gyara. Ta farko gogayya: kateta ta yi wa jijiya girma, ko an sa ta a gaɓa, ko ba a kafe ta da kyau ba, sai bakinta ya yi ta kartar bangon jijiya duk lokacin da aka motsa hannu. Ta biyu magani: ruwan da ya cika kauri ko maganin da ke da kaifi yana ƙona bangon. Ta uku ƙwayar cuta, daga fatar majiyyaci, daga hannun ma'aikaci, ko daga bakin katetar da ake buɗewa ana rufewa ba gogewa. Ta ukun ce ba ta da yawa, amma ita ce mai haɗari. Akwai kuma kumburin da ba ya fitowa sai bayan an cire katetar da kwana 2 zuwa 4, wataƙila ma mutum ya riga ya koma gida.

Kafin a buɗe leda

Tambayar farko ita ce ko ana buƙatar katetar ma. Mutanenmu suna ganin ba a yi musu magani ba sai an rataya sirom, har wani ya ce likitan bai san aikinsa ba idan ya ba da ƙwaya kaɗai. Wanda yake iya haɗiya, ba ya amai, kuma maganinsa akwai na sha mai aiki daidai da na allura, ba ya buƙatar a huda masa jijiya. Yaro mai gudawa da yake iya sha, ruwan gishiri da sukari ne maganinsa. Mai tamowa mai tsanani ma ƙarin ruwa ta jijiya haɗari ne ga zuciyarsa, ba a yi sai jini ya kasa zagayawa.

Wani babban bincike da aka buga a 2018 ya duba katetoci 40,620 a ƙasashe 51. An tarar kashi 14 cikin 100 suna zaune ne kawai a hannu ba a amfani da su, kashi 10 suna ciwo ko sun nuna alamar kumburi, kusan rabi kuma ba a rubuta ranar da aka sa su ba. Wato matsalar ba ta talaucin kayan aiki kaɗai ba ce, har asibitocin masu hali tana nan.

Zaɓen wuri da girma

Ga babba, sangalin hannu ya fi ko'ina, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, inda jijiya take miƙe kuma ƙashi ya tallafe ta. Bayan hannu yana da sauƙin samu, shi ya sa ake rububinsa, amma jijiyoyinsa ƙanana ne kuma hannun ba ya zama wuri ɗaya. Lanƙwasar gwiwar hannu a bar wa gaggawa da ɗibar jini. Katetar da ke nan tana lanƙwashewa duk lokacin da mutum ya kai loma baki. A guji cikin wuyan hannu da gefen babban yatsa, akwai jijiyoyin ji a kusa. Idan majiyyaci ya ce ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi zuwa yatsu, a zare nan take. Ƙafar babba ba wurin kateta ba ce sai dole, balle mai ciwon sukari, idan kuma dolen ta sa, a mayar da ita hannu da zarar an samu hali. Hannun da ya shanye, wanda ya ƙone, wanda aka yi wa aikin nono a ɓangarensa, da wanda aka tanada don wankin ƙoda, duk a bar su. Ga jaririn da bai fara tafiya ba, bayan ƙafa da jijiyoyin kai sun halatta.

A tambayi mutum kafin a zaɓi hannu. Dama ake ci da ita, hagu ake tsarki da ita, kowace da tata matsalar: ta dama ta fi motsi, ta hagu ta fi haɗuwa da ruwa da ƙazanta idan katetar tana bayan hannu. Wannan ma wani dalili ne na hawa sangali. Idan mace ta sha lalle ko dayis har wuyan hannu, a nemi inda fata take fili, domin gobe ana son ganin canjin launi.

Girma kuwa, mafi ƙanƙantar da za ta iya aikin ita ake ɗauka. Shuɗiya, lamba 22, tana wuce kusan mililita 35 a minti, wanda ya ishi yawancin magunguna da sirom na yau da kullum. Mai ruwan hoda, lamba 20, tana kai wajen 60, kuma ana ƙara jini da ita. Koriya, lamba 18, ta tiyata ce da zubar jini da haihuwa mai haɗari. Rawaya, lamba 24, ta jarirai ce da tsofaffi masu siraran jijiyoyi. Dalili shi ne idan kateta ta cika jijiya, jini ba ya samun hanyar wucewa ta gefenta ya tsarma maganin, sai maganin ya zauna a bango yana ci. Irin robar ma tana da tasiri: a 1991 Maki da Ringer a Amurka sun gwada katetoci 1,054, suka ga ta foliyuretan, wadda ke laushi idan ta ji ɗumin jiki, ta rage kumburi da kusan kashi 30 cikin 100 a kan ta tefulon. Mai sayo wa asibiti kaya ya kamata ya san wannan.

Sa katetar

A haɗa komai a tire mai tsabta kafin a taɓa majiyyaci: kateta biyu, robar ɗaure hannu, maganin goge fata, kwamfires (ƙyallen rufe rauni) mara ƙwayar cuta, abin rufewa, sirinji da ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin 100, safar hannu, da akwatin jefa allura. A goge hannu da alkol na sakan 20 zuwa 30, ko sabulu da ruwa na sakan 40 zuwa 60 idan da datti a bayyane. Safar hannu ba ta maye gurbin wannan.

Idan hannun majiyyaci ya yi ƙura, ko an shafa masa mai ko man kaɗanya, a fara wankewa da sabulu a tsane; maganin goge fata ba ya aiki a kan maiƙo. Gashi a rage shi da almakashi, kada a aske da reza, don reza tana barin ƙananan yanka. A ɗaura roba kamar santimita 10 sama da wurin, a lalubo jijiya da yatsa. Mai kyau tana da taushi, tana dawowa idan an danna. Mai tauri ko mai ciwo ta riga ta sha wahala, a wuce ta.

Maganin gogewa da bincike ya fi goyon baya shi ne kulorhekzidin na kashi 2 cikin alkol. A wani gwaji da aka yi a Poitiers ta Faransa da mutum 1,000, aka buga a 2021, ƙwayoyin cuta sun zauna a kan kashi 1 cikin 100 na katetocin da aka goge wurinsu da shi, a kan kashi 17 na waɗanda aka goge da aidin cikin alkol. Idan babu shi, Bétadine, wato maganin aidin, ko alkol na digiri 70 suna yi, da sharaɗin a ba su lokacinsu. A goga da ɗan ƙarfi na sakan 30 a faɗin da ya fi abin rufewa, sannan a bari ya bushe da kansa: mai alkol kamar sakan 30, Bétadine ta ruwa minti 2. Ba fifita, ba hurawa da baki, ba tsanewa da auduga. Huda fata tana jiƙe na tura maganin cikin jijiya, ƙwayoyin cutar kuma ba su gama mutuwa ba. Ga bakwaini da jaririn da bai kai wata 2 ba a yi hattara da kulorhekzidin, yana iya ƙona musu fata.

Kuskuren da aka fi yi yana zuwa ne a nan: an goge, an jira, sai yatsa ya koma ya sake taɓa jijiyar don a tabbatar. Wanda ya taɓa, ya sake gogewa daga farko.

A ja fata da babban yatsa daga ƙasa, a shiga da bakin allura yana kallon sama, a kwance, digiri 10 zuwa 30. Jini ya bayyana a baya, a ƙara kwantar da ita, a tura milimita 2 don robar ma ta shiga, sannan a zura robar kaɗai allura na tsaye. A kwance robar ɗaure hannu, a danne jijiya sama da bakin katetar, a zare allura a jefa akwati. Allurar da aka janye ba a mayar da ita cikin roba, tana iya yanke guntu ya bi jini. Katetar da ta kuskure jijiya ta gama aiki, a ɗauki sabuwa. Gwaji biyu ya ishi ma'aikaci ɗaya. Na uku a kira wanda ya fi hannu, ba abin kunya ba ne. A ƙarshe a tura ruwan gishiri a hankali ana kallon wurin: ba ciwo, ba tudu, ba turjiya.

Kafewa, inda zafin garinmu ke shigowa

Leda mai haske wadda ake ganin wurin hudar ta cikinta ita ce ta fi, kuma tana iya kwana 5 zuwa 7 idan ba ta ɗago ba. Idan babu, a sa kwamfires mara ƙwayar cuta a kan hudar sannan filasta a samansa, a canza duk kwana 2. Filastar da ke yawo a aljihun riga ko aka yayyanka aka manna a ƙarfen gado kada ta taɓa hudar kai tsaye. A naɗe tiyon sirom ya yi ɗan lanƙwasa a manne shi daban a hannu, yadda idan an fizgi tiyon, filastar ce za ta ji ba jijiyar ba. A rubuta rana da awa da lambar kateta a gefen filasta da cikin dosiye.

A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a Zinder, gumi yana ɗaga kowace irin filasta cikin yini guda. Ga mai yawan gumi kwamfires ya fi leda, don leda tana tara ruwa a ƙarƙashi. Kada a yi ta ɗora sabuwar filasta a kan tsohuwar da ta saki. A cire duka, a goge, a bari ya bushe, a sa sabo. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta gefen da ya ɗago. Wani gwaji a Ostareliya da aka buga a 2018 ya kwatanta hanyoyin kafewa iri 4, har da gam na fata, bai sami wadda ta yi fice ba: a kowace, wajen katetoci 4 cikin 10 sun lalace kafin a gama magani. Saboda haka kada a jira kaya masu tsada. Bushewa da kafuwa ake nema.

A gaya wa majiyyaci da mai jinyarsa tun ranar farko kada ruwan alwala ko na wanka ya taɓa wurin. Malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mara lafiya a wannan hali, a bar shi ya tambaya. Yaro kuma idan za a ɗaure masa hannu a katako, a bar wurin hudar da yatsu a buɗe. Bandejin da aka naɗe tun daga yatsu har gwiwar hannu yana hana yaro cirewa, amma yana hana kowa gani, kuma a ƙarƙashin irinsa ake tarar da mafi munin kumburi. Kambu ko zaren da ke wuyan hannun a roƙi uwar ta mayar da shi ɗaya hannun.

Abin da ake zubawa

Kaurin jini yana wajen 290 a ma'aunin miliosmol a lita. Ruwan gishiri na 0.9 yana 308, shi ya sa jijiya ba ta damuwa da shi. Gulukos na kashi 10 ya haura 500, na kashi 30 ya haura 1,500, na kashi 50 ya haura 2,500. Abin da ya wuce 900 bai dace a yi ta zuba shi ta ƙaramar jijiya ba. Ga yaron da sukarinsa ya faɗi, na kashi 10 ake so. Idan na 30 ne a hannu, kashi ɗaya nasa da kashi biyu na ruwan allura, wato tsabtataccen ruwan da ake tsarma magani da shi, suna ba da na 10, idan na 50 ne, ɗaya da huɗu.

Fotasiyom shi ne ya fi kowa cin jijiya. Ƙaramar kwalba ta kashi 10 mai mililita 10 tana ɗauke da giram 1, wato milimol 13.4. Ta jijiyar hannu kada a wuce milimol 40 a lita, kimanin giram 3, a jijjiga ledar sosai bayan an zuba don kada ya taru a ƙasa, kuma har abada ba a tura shi da sirinji kai tsaye, yana tsayar da zuciya. Kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a tsarma shi ya tafi cikin awa 4. Da tiyo mai ɗigo 20 a mililita, mililita 500 cikin awa 4 ɗigo 42 ke nan a minti. Bankomisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada ya fi miligiram 5 a mililita, kuma kada ya gaza awa 1. Kulokzasilin, eritoromisin, diyazefam, fenitoyin da kalsiyom duk masu kaifi ne, gaggawa wajen tura su ita ke jawo ihun da ake ji a ɗaki. Seftiriyakzon a tura shi a hankali, minti 3 ko fiye, kuma kada ya haɗu da sirom ɗin Ringer a tiyo ɗaya, don kalsiyom ɗin ciki yana sa shi daskarewa.

Kowane magani yana da matakai iri ɗaya: a goge hannu, a goge bakin kateta ko robine, wato ɗan famfon da ake tura magani ta cikinsa, da alkol na sakan 15 a bari ya bushe, a tura ruwan gishiri don a tabbatar tana cikin jijiya, a ba da magani, a sake wankewa. Babba mililita 5 zuwa 10, yaro 1 zuwa 3, ana turawa ana ɗan tsayawa. Wankewar baya ita ake yawan tsallakewa, alhali ita ke kore ragowar maganin da zai kwana yana cin bango. Idan ta ƙi wucewa kada a yi ƙarfi, kada kuma a murɗe tiyo a matse don a buɗe ta. Gudan jini ake turawa ciki. Sirinji ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya. Murfin da ya faɗi kan gado ya tafi, a sa sabo. Tiyon da ke tafiya ba yankewa yana iya kwana 4, kada ya wuce 7. Wanda ake cirewa ana mayarwa a canza shi duk awa 24. Na jini kuwa da an gama ƙarin jinin.

A nuna wa mai jinya ɗan tayan da ke daidaita gudun ɗigo, a ce mata sarai: "Inna, wannan ɗan tayan ba a taɓa shi. Idan ruwan ya tsaya ko ya ƙare, ki kira mu." Da yawa suna buɗe shi ne don a gama da wuri.

Dubawa

Nan ne aikin yake. Babba mai hankalinsa a duba shi duk awa 4 idan ruwa na tafiya, kuma ko ba komai a kowane canjin aiki da kowane ba da magani. Wanda ba ya cikin hayyacinsa, duk awa 1 zuwa 2. Jariri da ƙaramin yaro, duk awa, don ba su da bakin faɗa.

Littattafan da aka rubuta a Turai suna fara lissafin alamu da ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa da wuri. Abin da ake gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ba a ga komai ba. Wanda ya tsaya jiran ja zai makara. Don haka a fara da tambaya: "Baba, wurin nan yana maka zafi? In ana tura magani fa?" Kada a yarda da "ba komai" na farko, dattawanmu suna ganin ƙorafi rashin haƙuri ne, a dubi fuska lokacin da ake danna wurin. Sai a ajiye hannuwan biyu gefe da gefe cikin haske, da dare a haska tocila. A sa bayan yatsu a ji ɗumi a kwatanta da ɗaya hannun. A bi jijiyar da yatsa daga bakin kateta zuwa sama, ta kan filasta, santimita 5 zuwa 10: ana neman ciwo, tauri, ko jijiyar da ta zama kamar igiya a ƙarƙashin fata. Ga jariri, kukan da ke tashi daidai lokacin da aka fara tura ruwa, ko janye hannu, shi ne maganarsa.

Ma'aunin kumburin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne wanda Andrew Jackson, ma'aikacin jinya a Ingila, ya fitar a 1998, daga 0 zuwa 5. Sifili, lafiya lau. Ɗaya, ɗan ciwo ko ɗan canjin launi, guda cikin biyun: a ƙara sa ido. Biyu, an sami biyu daga cikin ciwo, canjin launi da kumburi: a cire. Uku, ciwo ya bi tsawon katetar, ga canjin launi ga tauri. Huɗu, duk waɗannan sun yaɗu kuma ana jin igiyar. Biyar, an ƙara da zazzaɓi. Layin yanke hukunci yana kan biyu. Mu a ganinmu, a fatar da ba ta nuna ja, ɗumin da yatsa ya ji a lissafa shi a matsayin canjin launi, kuma ciwon da ya dage ko shi kaɗai ne ya isa a cire.

Ba kowane kumburi ba ne na jijiya. Idan ruwa ne ya fita daga jijiya ya shiga nama, wurin yana yin sanyi, ya cika ya ɗaure, ɗigo ya rage gudu. Na jijiya kuwa ɗumi yake yi kuma yana bin layi. Idan abin da ya zuba mai ƙuna ne, irin kalsiyom ko gulukos mai kauri ko fenitoyin, a tsayar, kada a wanke, a gwada zuƙo abin da ya rage da sirinji kafin a cire, a kira likita. Ƙaiƙayi da ƙuraje masu siffar filastar daidai, filastar ce fata ta ƙi. Hannu gaba ɗaya ya kumbura har damtse, a yi zargin gudan jini a babbar jijiya ta ciki.

Sai zazzaɓi. A nan duk jikin da ya yi zafi sauro ake fara zargi, kuma gwajin gaggawa na yatsa yana iya ci gaba da nuna alama makonni bayan an kashe ƙwayar. Majiyyacin da ya fara samun sauƙi, sai a kwana na 3 ko na 4 zazzaɓi ya dawo da rawar sanyi, a buɗe filastarsa kafin a sake rubuta maganin sauro.

Idan ya riga ya faru

A tsayar da ruwa, a cire katetar, a danne da kwamfires na minti 2 zuwa 3, a duba robar ta fito cikakkiya. Idan har yanzu ana buƙatar wata, a koma ɗaya hannun. In ba hali, wata jijiya dabam sama da wurin, ba ƙasa ba. A zagaye iyakar kumburin da biro a rubuta awa, don na gaba ya san ko yana yaɗuwa. A ɗaga hannun a kan matashi, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a yini. Farasitamol don ciwo. Man diklofenak a kan layin jijiyar, ban da bakin hudar, yana taimakawa. Ba a murzawa, ba a tsaga, ba a shafa toka ko wani haɗi. Kabar giwa, wadda ake kira alobera, an yi gwaje-gwaje da dama a kanta, amma masu tace binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane a 2014 sun ce ingancin gwaje-gwajen bai kai a dogara da su ba.

Kumburin gogayya ko na magani ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma mugunya a bakin huda, zazzaɓi, ko kumburin da ya tsallake layin biro, aikin likita ne a ranar: a ɗauki mugunyar da jini a kai awo inda ake da hali kafin a fara magani. Jijiyar da ta cika da mugunya wani lokaci sai an yi aiki an fitar. A kuma tambayi dalili: idan fotasiyom ne ko kinin, a gyara tsarmawa da gudu, in ba haka ba sabuwar ma gobe za ta bi sahu.

Yaushe ake canzawa

An daɗe ana canza katetar babba duk awa 72 zuwa 96 ko da lafiyarta lau. A 2012 Claire Rickard da abokan aikinta suka buga gwajin da suka yi da mutum 3,283 a asibitoci 3 na Ostareliya: rukuni ɗaya ana canza musu duk kwana 3, ɗaya kuma sai an ga dalili. Kumburi ya zo kashi 7 cikin 100 a kowane rukuni. Tacewar Cochrane ta 2019 ta zo da magana iri ɗaya kan kumburi, sai dai toshewa da zubar ruwa cikin nama sun ɗan ragu inda ake canzawa kan lokaci. Daga baya asibitocin jami'ar Janeba ta Suwizalan suka duba katetoci sama da 400,000, suka buga a 2021 cewa da suka bar canzawa duk awa 96, shigar ƙwayar cuta cikin jini ta ninka kusan sau 7, ko da yake adadin ƙarami ne tun asali. Tun a 2019 suka koma tsohon tsari.

Abin da muka ɗauka daga nan: barin kateta sai ta nuna alama yana da aminci ne kawai inda ake dubawa da gaske a kowane canjin aiki ana rubutawa. Ɗakin da mutum ɗaya ke riƙe da shi dukan dare a tsakiyar damina, gara ya tsaya kan awa 96 ga manya. Yara ba a canza musu don kwanaki sun cika, sai da dalili, saboda jijiyoyinsu kaɗan ne. Wadda aka sa cikin gaggawa ba a tabbatar da tsabta ba, ko wadda majiyyaci ya zo da ita daga wani wuri ba rana a jiki, a canza ta cikin awa 48. Kowace safiya a zagaye a tambaya ko har yanzu ana buƙatarta. Yaron da ya karɓi allurar artesunat ta zazzaɓin cizon sauro a awa 0 da 12 da 24 kuma ya fara haɗiya, a koma na sha. Idan ba wani maganin allura, katetar ta fita a ranar, ba ranar sallama ba. Mai tafiya gida a ce masa ya duba wurin kwana 4, ya je asibiti mafi kusa idan ya ga kumburi, mugunya ko zazzaɓi.

Ɗakin da ke son sanin matsayinsa littafi ɗaya ya ishe shi: lambar gado, ranar sawa, wuri, lambar kateta, magunguna masu kaifi, makin kowane canjin aiki, ranar cirewa da dalili. Ƙarshen wata a ƙirga waɗanda suka kai maki 2 ko fiye, a raba da jimillar katetoci, a ninka da 100. A misali, 9 cikin 120 kashi 7.5 ke nan. Ƙungiyar ma'aikatan ƙarin ruwa ta Amurka ta taɓa ɗaukar kashi 5 ko ƙasa a matsayin abin da za a lamunta. Kada dai a yi saurin kwatanta kai da alƙaluman wani asibiti: wani nazari na 2014 ya ƙirga ma'aunai 71 daban-daban da ake amfani da su, sakamakon kuma ya tashi daga 0 har kashi 91. A riƙe ma'auni ɗaya, kowa a ɗakin ya koye shi a kan hannu ɗaya har makinsu ya zo daidai, sannan a kwatanta watan nan da wanda ya wuce, a rarrabe ta wurin sawa da ta magani don a ga inda kumburin ya fi taruwa.